Auna Gishiri da Kanwa a Gonakin Ban Ruwa na Kano da Jigawa: Wace Hanya Ta Fi Dacewa?

Duk wanda ya san noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, ko a kwarin Haɗejiya wajen Auyo, ya san irin gonar da manoma ke cewa ta yi kanwa. A fangali ɗaya shuka ta yi kore shar, a na kusa da shi kuma ta tsumbure, bakin ganyenta ya ƙone, saman ƙasa ya yi fari-fari, ko ya yi baƙi yana santsi, ruwa ya kwanta ya ƙi nutsewa. Manomi guda idonsa ya ishe shi sanin halin da gonarsa take ciki. Amma hukumar da ke kula da dubban hektoci, ko ma'aikatar gona ta jiha, ko shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa, tambayoyinsu sun wuce abin da ido zai amsa. Suna son sanin ina da ina abin ya kama, yaya tsananinsa, ƙaruwa yake yi ko raguwa, kuma wane ɓangare za a fara yashe wa magudanai idan kuɗin da ke hannu ba zai ishi ko'ina ba. Hanyoyi uku ake bi a yau wajen amsa waɗannan tambayoyi: ɗibar ƙasa a kai ta ɗakin gwaji, da zagaya gonaki da na'urar maganaɗisu, da karanta hotunan tauraron ɗan'adam. Ra'ayina tun daga farko shi ne, ta ukun ta fi jan hankalin masu tsara ayyuka saboda arharta, kuma ita ce ta fi saurin ɓatar da mutum a irin gonakinmu idan aka dogara da ita kaɗai.

Kafin a zaɓi hanya, ya kamata a san yadda gishirin yake taruwa, domin yadda yake taruwa ne ke nuna irin awon da zai kama shi. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, kuma an tsara kashin farko na aikin ban ruwa na kogin Kano a kan kimanin hekta 22,000, na kwarin Haɗejiya kuma kimanin hekta 12,500, dukkansu a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are. Ruwan sama yana zuwa mana ne cikin wata huɗu zuwa biyar, sauran shekara kuwa rana da iska ne ke ƙafar da duk abin da aka zuba wa ƙasa. Babu ruwan da ba ya ɗauke da gishiri, komai daɗinsa a baki. Ruwan da ke da miligiram 200 a kowace lita ruwa ne mai kyau, amma idan aka ba hekta guda abin da zurfinsa ya kai mita ɗaya a tsawon noman rani, wato lita miliyan 10, an sauke mata tan 2 na gishiri ke nan. Shuka ta sha nata, rana ta ɗauke saura, gishirin ya zauna. Damina mai albarka tana wanke shi zuwa ƙasa, muddin ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da nisa kuma magudanai a buɗe suke. Inda laka da kachalla suka toshe magudanai, ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan taso har ya kai ƙasa da mita biyu daga sama, sai ƙasa ta riƙa tsotso shi zuwa inda saiwa take, ya ƙafe a can ya bar abin da ya ɗauko. Shi ya sa matsalar ba ta rufe yanki bai ɗaya. Tana zuwa ne dabbare-dabbare, a kwari, a gefen kanal mai yoyo, a ƙarshen layin gonaki inda ruwa ke taruwa, har ta kai taku ashirin kan raba ƙasa lafiyayya da wadda ta lalace.

Abin da ake aunawa shi ne yadda wutar lantarki ke ratsa ruwan da ke cikin ƙasa, domin gwargwadon gishirin ruwa gwargwadon sauƙin da wuta ke bi ta cikinsa. Ma'aunin shi ne desisimen a kowace mita, ana taƙaita shi da dS/m, kuma ɗaya nasa ya kai kusan miligiram 640 na gishiri a lita. Tun a 1954 ɗakin binciken gishirin ƙasa na ma'aikatar gona ta Amurka da ke Kalifoniya ya tsayar da 4 a matsayin iyaka, abin da ya haura nan shi ake kira ƙasa mai gishiri, daga 8 zuwa 16 ta yi tsanani, sama da 16 kuwa 'yan tsiraru ne kawai cikin tsirrai ke rayuwa. Wannan iyaka ta 4 tana da amfani ga masu rubuta rahoto, sai dai tana ɓoye asarar da ta fi shafar mu. Bisa alƙaluman da Maas da Hoffman suka tattara a 1977, waɗanda har yanzu ake aiki da su, albasa tana fara raguwa daga 1.2, kuma kowane ƙarin ɗaya yana cin kashi 16 cikin 100 na amfaninta. Barkono yana farawa daga 1.5, masara daga 1.7, tumatir daga 2.5 da asarar kusan kashi 10, shinkafa daga 3 da asarar kashi 12, alkama kuwa sai an kai 6. A ɗauki gonar da awonta ya nuna 3.5. Taswirar da ta bi iyakar 4 za ta shafa mata launin lafiya, alhali mai albasa a cikinta ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da zai kwashe, mai tumatir ya rasa kwando ɗaya cikin goma, mai alkama bai ji komai ba. Saboda haka, a yankin da tumatir da albasa da shinkafa suke riƙe da gidaje, hanyar da ba ta iya bambance 1.5 da 3.5 ba ta amsa tambayar manomi ba.

Akwai kuma bambancin da dole a tsaya a kansa, domin abin da manoma ke haɗawa su kira kanwa cuta biyu ce masu magani daban. Ta farko ita ce yawan narkakken gishiri, wanda ke hana saiwa jan ruwa ko da gona a jiƙe take, kuma maganinsa wanki ne da ruwa mai yawa bayan an buɗe masa hanyar fita. Ta biyu ita ce yawan sinadarin sodiyam da ya manne a jikin yumɓu, wanda idan ya haura kashi 15 cikin 100 na abin da yumɓun ke riƙewa, yakan wargaza ƙwayoyin ƙasa, ƙofofin da ruwa da iska ke bi su toshe, ƙasa ta yi santsi idan ta jiƙe, ta yi tauri ƙwarai idan ta bushe. Irin wannan ƙasa awon gishirinta yana iya zama ƙasa da 4, amma ma'aunin tsami da kanwa, wato pH, sau da yawa yana haura 8.5. Idan aka zuba mata ruwa mai tsabta da niyyar wanki ba tare da an fara sa mata farin ma'adinin nan mai kalsiyam da ake kira jifsam ba, toshewa take ƙara yi. Cikin hanyoyin nan uku, ɗakin gwaji ne kaɗai ke raba cutukan biyu da tabbaci.

Aikin ɗakin gwaji sananne ne. Ana ɗibar ƙasa da ƙarfen haƙa daga zurfi uku, daga sama zuwa santimita 30, daga 30 zuwa 60, daga 60 zuwa 90, a zuba kowace a ledarta, a rubuta wurin da na'urar GPS ta nuna. A shanya ta a inuwa, a daka, a tankaɗe, sannan a kwaɓa ta da tataccen ruwa har ta ƙoshi tana sheƙi ba tare da ruwa ya kwanta a kanta ba, a bar ta ta kwana, a zuƙe ruwan da inji a auna shi. Daga wannan ruwan ne kuma ake auna sodiyam da kalsiyam da magnisiyam. Duk alƙaluman amfanin gona da na ambata a sama an gina su ne a kan wannan kwaɓi, kuma duk wata na'ura ko tauraro da shi ake gwada gaskiyarsu. Ba mu rasa inda za a yi aikin ba, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya wadda ke da tasha a Kadawa, ga kuma masana kimiyyar ƙasa a Jami'ar Bayero. Sai dai wanda zai kai ƙasa kowane ɗakin gwaji ya faɗi ƙarara cewa awon kwaɓi yake so, domin sau da yawa abin da aka saba yi a aikin yau da kullum shi ne a jiƙa ƙasa da ruwa mai yawa a auna, kuma lambar da ke fitowa daga nan ba daidai take da ta kwaɓi ba.

Raunin wannan hanya lissafi ne kawai. Idan za a ɗebi wuri ɗaya a kowace hekta cikin hekta 22,000, a zurfi uku, leda 66,000 ke nan, kuma kowace sai an kwaɓa ta da hannu. Babu ɗakin gwajin da zai gama wannan kafin damina ta sauya abin da aka auna. Idan kuma aka rage aka ɗebi wuri ɗaya a kowace hekta ɗari, aka sa kwamfuta ta cike giɓin da ke tsakani, taswira za ta fito da kyan gani, amma tunda abin dabbare-dabbare yake, yawancin wuraren da suka lalace za su faɗa tsakanin ramuka biyu ba a gan su ba.

Akwai ƙaramar hanya da ta fito daga wannan, wadda nake ganin ba a ba ta haƙƙinta ba. Ita ce ƙaramar na'urar aljihu ta auna gishirin ruwa, wadda malamin gona zai iya yawo da ita. Ana haɗa awo ɗaya na busasshiyar ƙasa da awo biyar na tataccen ruwa bisa nauyi, a girgiza sosai, a bari ya lafa, a tsoma na'urar. Lambar da ta fito sai an ninka ta kafin ta yi daidai da ta kwaɓi, kuma ninkin ya danganta da irin ƙasar, daga wajen 6 a yumɓu mai nauyi zuwa fiye da 20 a rairayi. Wannan tazara babba ce, don haka kowane yanki yana bukatar nasa ninkin, wanda ake samu ta hanyar auna 'yan ledoji iri ɗaya ta hanyoyin biyu a kwatanta. Na'urar tana bukatar a riƙa daidaita ta da ruwan gwaji mai awo 1.413, kuma ruwan leda ko na rijiya ba ya maye gurbin tataccen ruwa, domin shi ma yana da nasa gishirin. Da ita ne kuma ake auna ruwan ban ruwa kansa: ƙasa da 0.7 babu damuwa, daga nan zuwa 3 sai an yi hattara, sama da 3 hatsari ne. Wannan ya fi shafar masu jan ruwa da inji daga gajerun rijiyoyi a fadama, da masu noma da ruwan da ya ratso masana'antu da unguwannin birnin Kano, irin na Jakara.

Hanya ta biyu ita ce na'urar maganaɗisu, kuma wadda aka fi sani ita ce EM38 ta kamfanin Geonics na Kanada. Sanda ce da tsawonta ya ɗan haura mita ɗaya. Kai ɗaya yana aika maganaɗisu cikin ƙasa, wanda ke tayar da 'yar wutar lantarki a can ciki, ɗaya kan kuma yana karɓar abin da ya dawo. Ba a haƙa komai, ba ta ma bukatar taɓa ƙasa. Idan aka riƙe ta a tsaye tana jin zurfin kusan mita ɗaya da rabi, idan aka kwantar da ita tana jin kusan santimita 75, kuma kwatanta awon biyu yana nuna ko gishirin a sama yake ko a ƙasa. Wannan bayani yana da daraja ƙwarai, domin gishirin da ya fi yawa a sama alama ce ta ruwan ƙarƙashin ƙasa da ke tasowa, wanda ya fi yawa a ƙasa kuma alama ce ta cewa wanki yana tafiya daidai. Mutum ɗaya da ke tafiya da ita haɗe da GPS yana tara dubban awo a wuni, abin da ɗakin gwaji ba zai yi a wata ba, kuma ita ce kaɗai cikin ukun da ke zana iyakar kowane tabo na gishiri a cikin gona har zuwa zurfin saiwa.

Amma ita ma ba gishiri take aunawa kai tsaye ba. Tana jin damshi, tana jin yumɓu, tana jin zafin ƙasa, kuma kowane ƙarin digiri ɗaya yana ɗaga awon da kusan kashi 2 cikin 100. Fadama mai laka da babu gishiri a cikinta tana iya nuna lamba sama da ta jigawa mai rairayi da ta fara lalacewa. Busasshiyar ƙasa kuwa kusan ba ta amsa mata, don haka sai a bi gona kwana biyu zuwa huɗu bayan ban ruwa, lokacin da ruwa ya tsane amma damshi na nan. Ƙarfe yana ruɗa ta, ko bututun inji ne, ko waya, ko makullan da ke aljihun mai ɗauke da ita. Zafin da ya haura digiri 40 yana sa awonta ya karkace, kuma wannan shi ne zafin Afrilu a Haɗejiya, don haka aikin na safe ne, a kuma yi mata inuwa. Saboda waɗannan dalilai ba ta rabuwa da ɗakin gwaji. Abin da take yi shi ne rage yawan ramuka da kuma nuna inda za a haƙa su. Akwai manhajar ESAP ta ɗakin binciken nan na Kalifoniya, wadda ke duba dubban awon da aka tara ta zaɓi wuri 6 ko 12 ko 20 da za a ɗebi ƙasa, sannan a yi amfani da sakamakon kwaɓinsu a fassara sauran duka. Tsadarta ita ce babbar matsala, domin daga waje ake sayo ta da kuɗin waje, gyaranta ma sai an mayar da ita. Akwai wata irinta, ta kamfanin Veris na Amurka, mai fayafayan ƙarfe da tarakta ke ja suna yanka ƙasa, amma an ƙera ta ne don manyan filaye, kuma ba ta dace da fangalai da kunyoyi da ƙananan hanyoyin ruwa irin namu ba.

Yanzu sai tauraron ɗan'adam. Abin da ke jan hankali a nan a bayyane yake. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, wato tun kafin a kammala Tiga, kuma tun 2008 hotunan kyauta ne. Landsat 8 da aka harba a 2013 da Landsat 9 na 2021 suna wucewa ta kan wuri ɗaya duk kwana takwas idan aka haɗa su, kowane ɗigo na hoton yana rufe mita 30 tsawo da faɗi. Taurarin Sentinel-2 na Turai, waɗanda aka fara harbawa a 2015, suna dawowa duk kwana biyar, ɗigonsu mita 10 ne, su ma kyauta. Mai kwamfuta da intanet a Dutse ko Kano zai iya duba jihar gaba ɗaya bai taka gona ba, ya kuma koma baya shekaru da dama ya ga yadda wuri ya sauya. Babu wata hanya da ke ba da tarihi irin wannan.

Ana karanta hotunan ta fuska biyu. Ta farko ita ce a duba ƙasa lokacin da babu shuka a kanta a nemi hasken farin gishiri. Wannan ita ce mafi rauni, kuma abin takaici ita ce mafi sauƙin yi. Tauraro fatar ƙasa kawai yake gani, ba ya ratsa ko da kaurin ɗan yatsa. Gishiri ba ya fitowa fari a sama sai abin ya yi nisa, lokacin da manomi ya riga ya bar gonar. Huɗa guda tana binne farin, ban ruwa guda yana narkar da shi. Farin rairayin tudun arewacin Jigawa yana haske kamar gishiri, ƙasar da sodiyam ya kama kuma takan yi duhu maimakon fari. Ga hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu da ke dusashe hoto a tsakiyar noman rani, ga gajimaren Yuli da Agusta da ke rufe damina.

Fuska ta biyu ta fi inganci: a bar ƙasa a duba lafiyar shukar da ke kanta, tunda saiwa tana jin abin da tauraro ba ya gani. Matsalar ita ce abubuwa da yawa suna rage koren gona. Rashin taki yana yi, makarar shuka tana yi, ƙuduji yana yi, tsutsar nan da manoman tumatir ke kira sharon, wadda ta yi ɓarna mai yawa a Kano a 2016, ta yi, ambaliyar da ta mamaye sassan Jigawa a 2022 ita ma ta yi. Abin da ke raba gishiri da waɗannan shi ne ba ya ƙaura. Tsutsa da ambaliya suna zuwa su wuce, amma tabon gishiri yana nan a wurinsa bana da baɗi, don haka ana tara hotunan shekaru da dama a nemi wuraren da shuka ba ta taɓa yin kyau ba ko a shekara mai albarka. Da wannan dabara masu bincike suka zana taswirar gishiri ta yammacin kwarin San Wakin a Kalifoniya, kuma abin lura shi ne sai da suka fara bin gonaki da na'urar maganaɗisu da kwaɓin ƙasa kafin su fassara hotunan. Gonakin can kuma manya ne, iri ɗaya ake shukawa a fili mai faɗi, kuma akwai rajistar abin da aka shuka kowace shekara. A nan eka ɗaya ɗigo huɗu ne ko biyar a hoton Landsat, yawancinsu sun haɗo da gonar maƙwabci da kunya da bishiya, kuma mai shinkafa yana iyaka da mai albasa, wanda baɗi zai koma masara. Sentinel-2 ya fi dacewa da mu, tunda eka tana samun ɗigo kusan arba'in. Duk da haka, tsakanin 1 da 4, inda asarar albasa da tumatir take, canjin da gishiri ke yi wa launin ganye bai kai wanda buhun taki ɗaya ke yi ba. Jirgi mara matuƙi yana gyara matsalar girman ɗigo, amma shi ma sama yake kallo, kuma faɗin da yake rufewa kaɗan ne.

Zaɓin, a ganina, ya danganta da faɗin ƙasar da kuma hukuncin da za a yanke da sakamakon. Ƙungiyar manoma mai 'yan ɗaruruwan hektoci ba ta bukatar tauraro ko maganaɗisu. Na'urar aljihu a hannun malamin gona, da ledoji kaɗan da za a kai ɗakin gwaji kowace shekara daga wurare tsayayyu, sun wadatar. Za su iya ƙarawa da gwaji mai sauƙi na sodiyam: a sa ɗan busasshen dunƙulen ƙasa a kofin ruwan sama ba tare da an motsa ba, idan ruwan da ke kewaye da shi ya gurɓace ya yi fari-fari, to yumɓun yana wargajewa, kuma wannan ledar ce ya kamata ta fara tafiya ɗakin gwaji. Babban aikin ban ruwa kamar na kogin Kano ko na kwarin Haɗejiya, inda za a yanke shawarar kashe maƙudan kuɗi a kan magudanai da jifsam, shi ne ya cancanci na'urar maganaɗisu, kuma guda ɗaya ko biyu da hukuma za ta mallaka tare da jami'a za su yi aiki shekaru, a riƙa bin ɓangare bayan ɓangare. Jiha gaba ɗaya kuwa, da fadamunta da ke warwatse, ba ta da makawa sai ta fara da tauraro, amma a matsayin mai nuna inda za a je, ba mai yanke hukunci ba. Hotunan shekaru su ware wuraren da ake zargi, a tura masu maganaɗisu zuwa wasu daga cikinsu da kuma wasu da hoton ya ce lafiyarsu ƙalau, sannan ɗakin gwaji ya tabbatar.

A kowane mataki, kafin a haƙa rami ko ɗaya, a zauna da dagaci da mai unguwa da sarkin noma da dattawan da suka ga lokacin da aka fara sakin ruwa a kanal. Su ne za su faɗi gonar da aka daina shuka tumatir a cikinta aka koma shinkafa don ta ƙi, da wadda aka bari saboda rigimar gado ba don ƙasa ba, da shekarar da kwari kaza ya fara riƙe ruwa. Tauraro ba zai nuna dalilin sauyin gonakin nan biyu ba, kuma wannan zama na yini guda yana kawar da kurakuran da za su ci ledoji masu yawa kafin a gano su.

Lokacin awo yana da nauyi kamar hanyar awon. Gishiri yana kai ƙololuwarsa a saman ƙasa a ƙarshen rani, wajen Afrilu zuwa farkon Mayu, kafin ruwan farko, kuma yana sauka ƙasa bayan damina, wajen Oktoba. Awon Afrilu yana nuna abin da shukar rani ta sha, na Oktoba yana nuna ko damina ta iya wankewa, kuma wurin da bai sauka ba bayan damina shi ne wanda magudanarsa ta mutu. Kwatanta awon Afrilun bana da na Oktoban wata shekara ba ya nuna komai sai bambancin yanayi. Tare da wannan, ina ba da shawarar a kafa bututan roba masu huji, zurfin mita biyu zuwa uku, a wurare tsayayyu cikin kowane ɓangare, a riƙa auna nisan ruwan ƙarƙashin ƙasa da gishirinsa duk wata. Kuɗinsu kaɗan ne, ɗan ƙungiya mai igiya da littafi zai iya karanta su, kuma suna nuna hatsari shekaru kafin ya bayyana a ganye ko a hoto.

Wanda zai ba da kwangilar zana taswirar gishiri, ko hukuma ce ko wani shiri na tallafi, ya sa sharuɗɗa a rubuce. Mai aikin ya faɗi yawan ledojin da aka kwaɓa da zurfin da aka ɗebo su da watan da aka ɗebo su. Ya ware wani kaso nasu, misali ɗaya cikin huɗu, waɗanda ba za a yi amfani da su wajen gina taswirar ba sai wajen gwada ta, ya kuma nuna kuskuren da aka samu musamman a tsakanin 1 da 4. Ya raba wuraren gishiri da na sodiyam. Sannan ya miƙa ɗanyen awon duka tare da lambobin GPS ga hukumar da kuma ƙungiyoyin manoman da aka shiga gonakinsu, domin a iya komawa ramukan nan bayan shekara uku ko biyar a sake aunawa a wata ɗaya da zurfi ɗaya.